Sun sauke, sun ci, sun goge

Har yau in na ga allon nan mai hoton waya da muka buga, wanda yanzu yaran shago ke rufe buhunan gawayi da shi in ana ruwa, sai raina ya sosu. Na fi shekara goma ina tsire da balangu a Agege da ke Legas, namana daga kwatar Oko-Oba, ban taɓa tafka asara irin ta manhajar odar tsire da na sa aka yi min ba. Kuma da hannuna na jawo.

A farkon 2023 abin ya soma, bayan da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya canza takardun naira 200, 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutanen da a da ko sunan tiransifa ba sa son ji duk suka koma OPay da PalmPay. Ɗan yayata da ke gyaran waya a Computer Village ya zo ya zauna a bencina, ya buɗe min manhajar Domino's masu sayar da pizza, ya ce: “Kawu, yanzu ta waya kowa ke sayen abinci. Don me za ka riƙa ba wasu kamasho? Mu yi tamu.” Ya kawo wani abokinsa daga Yaba, na biya, cikin 'yan makonni aka gama. Aikin yaron bai da laifi, wannan kam ba zan ɗora masa ba.

Laifin yana wajen kyautar da na sa. Duk wanda ya sauke manhajar ya nuna a tukuba, tsinke biyu kyauta. Layi har bakin titi. Kowane dare yaron nan ya miƙo min waya in ga lamba tana hawa, ni kuma ina lissafa ta a matsayin kwastomomi. Mako ɗaya na yi niyya, na kai uku, saboda daɗin kallon lambar. Kallon kitse na yi wa rogo.

Lambar da ya kamata in tambaya, wato mutum nawa suka sake buɗewa suka sayi nama da kuɗinsu, ko a raina ba ta zo ba. Ranar da na tsayar da kyauta, wayar shago ta yi tsit. Mai shayin da ke kusa da ni, wanda muka shekara muna gaisawa, shi ya faɗa min gaskiya yana dariya: “Maigida, itel ɗina ta cika. Ko in goge hotunan yarana, ko in goge tsirenka.” Daga baya na gano wasu samari gogewa suke su sake saukewa da wani layin, su dawo su karɓi tsinke biyu. Fuska ɗaya na ciyar sau huɗu ina murna kasuwa ta buɗe.

Masu odar abinci ta waya da gaske kuwa suna ofisoshin Ikeja da Maryland, kuma tuni suna da Chowdeck ko Glovo, inda shinkafa da shawarma da amala duk ke wuri guda. Ba wanda zai ajiye manhaja guda sukutum don tukuba ɗaya. Domino's rassa gare su a faɗin gari. Ni benci biyu ne da fitila.

Ɗan abin da ya shigo ma kai shi ya zama wahala. An cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, kuɗin aike ya tashi, ga shi tun 2022 an hana okada a Ikeja, dole sai masu babur na kamfanin aike. Tsire kuma ba ya jure gosulo. Kafin a isa kitse ya daskare, yaji ya jiƙe a takarda, wanda ya saya ya kira yana faɗa. Da Jumia Food da Bolt Food suka rufe harkarsu a Najeriya a watan Disambar 2023, sai na ɗan ji sanyi, Allah ya yafe min. Masu ofis da ma'aikata ma sun ajiye.

Yanzu WhatsApp nake yi. Bayan Magariba in ɗora hoton nama yana kan wuta, mai so ya turo saƙo ya tura kuɗi. Na kuma shiga ɗaya daga cikin manyan manhajojin, kamashonsu na ci min rai, amma na ɗan ƙara farashi a can, kuma balangu da kilishi na fi turawa don sun fi jure hanya. Wanda duk ya zo maka da maganar manhaja, ka ce ya nuna maka waɗanda suka dawo a mako na biyu ba tare da kyauta ba, kafin ka yanka ko tsoka ɗaya.

Jiya ɗan yayata ya sake zuwa, wai akwai wata sabuwar dabara ta tara maki. Na miƙa masa wuƙa na ce ya fara yanka albasa tukuna.