Tsakanin kwanciya da warkewa: inda talaka ke zubewa a hanya

Mutum biyu su kamu da ciwo iri ɗaya a mako ɗaya, bayan wata shida ka tarar ɗaya ya koma bakin aikinsa, ɗaya kuwa har an raba gadonsa. Idan ka bi sawunsu, da wuya ka sami wuri guda da za ka ɗora yatsa ka ce nan aka rabu. Kaɗan-kaɗan ake rabuwa, a kowane mataki.

Matakan sanannu ne. Sai mutum ya gane abin da ke damunsa ciwo ne na asibiti. Sai ya yanke shawarar tafiya, ko mai iko da shi ya yanke masa. Sai ya isa. Sai a duba shi a gano ainihin cutar. Sai maganin ya shiga hannunsa, kuma ya zama mai kyau. Sai ya sha shi har ƙarshe. Shida ke nan. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa a cikin masu hali mutum 9 cikin 10 ke tsallake kowane mataki, a cikin marasa hali kuwa 7 cikin 10. Tazarar ba ta da yawa a ido. Amma ka ninka ta sau shida: cikin masu hali 100, kimanin 53 za su kai ƙarshe, cikin marasa hali 100 kuwa 12 kacal. Shi ya sa gyaran mataki ɗaya tak, a ce an gina sabon asibiti ko an soke kuɗin kati, yakan ba da kunya. An toshe ɓaraka ɗaya, biyar suna nan suna yoyo.

Wani likita ɗan Birtaniya, Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki cikin masu haƙar kwal a yankin Wels, ya rubuta a 1971 cewa kulawa mai kyau tana ƙaranci daidai inda aka fi bukatarta, kuma abin ya fi muni inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Fiye da shekara 50 ke nan, maganar ba ta tsufa ba. Likita mutum ne, yana son makarantar kirki ga 'ya'yansa da wutar lantarki da hanya, don haka yana zama inda waɗannan suke, can kuma ne masu lafiya suka fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000. Ƙasa kan iya kusantar wannan adadi a takarda alhali yawancinsu sun taru a manyan birane biyu ko uku.

Haihuwa ce ta fi nuna abin ƙarara, domin a nan da agogo ake tsere. A 2020 mata kusan 287,000 suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kimanin kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. A 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe su gida uku: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ɗauki zubar jini bayan haihuwa. Idan jinin ya wuce rabin lita an shiga haɗari, kuma mai tsanani na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Rigakafinsa allurar oksitosin ce, ma'auni 10, da zarar jariri ya fito. To amma oksitosin na son sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. A cibiyar da firjinta ya mutu, ko babu wutar da za ta riƙe shi, kwalbar kan daɗe cikin zafi har ƙarfinta ya ragu. Ungozoma ta yi allurar daidai ƙa'ida, ta rubuta a kati, mahaifa kuwa ta ƙi tsukewa. A rijista an yi komai. Ana da mafita, ƙwayar misofurostol da ba ta damu da zafi ba, da kuma wani nau'in allurar kabetosin mai jure zafi, amma sai an sayo su an kai su inda firjin ba ya aiki, kuma nan ne motar kaya ke zuwa a ƙarshe.

Idan jinin bai tsaya ba, sai ƙarin jini ko tiyata. A nan jinkiri na uku ke nuna fuskarsa. Babu jini a ajiye, sai dangi sun kawo mai bayarwa, a gwada rukuninsa, a tantance ba shi da cuta. A miƙa wa miji takarda ya je ya sayo safar hannu da zaren ɗinki da ruwan ƙari. Mai kuɗi a aljihu da mota a waje zai gama wannan cikin minti 30. Wanda sai ya buga waya ya nemi rance, ko ya jira gari ya waye ya sayar da wani abu, ya riga ya cinye awa biyun. Matar da take da ƙarancin jini tun tana da ciki, wadda galibi ita ce matar talakan, ba ta ma da awa biyun cikakku.

Ciwon da ke ɗaukar lokaci kuwa nasa salon daban ne. Tarin fuka misali ne mai kyau saboda a ƙasashe da yawa kyauta ake ba da maganinsa, duk da haka binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan rabin gidajen da cutar ta shiga suna asarar fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Ina kuɗin ke tafiya? Da yawa suna tafiya tun kafin a gano cutar: maganin tari a kemis, sai na zazzaɓi, sai wani asibitin, sai hoton ƙirji. Wanda ya dace da na'urar GeneXpert zai iya samun sakamakon majinarsa cikin awa biyu, har da sanin ko ƙwayar cutar na bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Wanda cibiyarsa madubin ƙara girma kawai take da shi, ana iya ce masa ba a ga komai ba alhali cutar na nan. Sannan maganin kansa wata shida ne, wata biyu na farko magunguna huɗu, wata huɗu na baya magunguna biyu. Cikin 'yan makonni tari ya lafa, jiki ya fara dawowa. Ma'aikacin ofis yana da hutun rashin lafiya, albashinsa na shigowa. Mai aikin yini kuwa duk ranar da ya je karɓar magani ranar ba a ɗora tukunya da kuɗinsa ba. Ya ji sauƙi, sai ya daina zuwa. A rubuta shi cikin waɗanda suka gudu, kamar taurin kai ne ya hana shi. Idan cutar ta dawo, tana iya dawowa da bijirewa, kuma kafin nan ya raba ta ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Hawan jini ya fi wannan wayo, domin ba ya ciwo. A 2019 manya kusan biliyan 1.3 ke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya sauka yadda ake so. Wa zai bar sana'arsa ya bi layi tun asuba saboda ciwon da ba ya ji? Sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya, a fara maganar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, abin da ko mai hali sai ya girgiza.

Kuɗin da ake biya a bakin taga shi ne hanya mafi muni ta ɗaukar nauyin lafiya, kuma a kan wannan hujja ta yi yawa. An ɗauka ɗan kuɗi kaɗan zai kori masu zuwa ba dalili kawai. Babban gwajin da cibiyar RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya nuna mutane na rage zuwan da ya zama dole da wanda bai zama dole ba kusan daidai wa daida, domin majinyaci ba shi da hanyar bambance su. A Kenya, da aka sa ɗan kuɗi a kan maganin tsutsar ciki na 'yan makaranta, masu karɓa suka faɗo daga kashi 75 zuwa 19 cikin 100. Tsarin yafe wa talaka kuɗi shi ma ba kasafai yake aiki ba. Cibiyar da ke sayen man janareta da kuɗin kati ba ta da sha'awar yafewa, kuma mutum da yawa gara ya koma gida da ya tsaya gaban jama'a yana tabbatar da talaucinsa.

Akwai wata dabara ta lissafi da ya kamata a yi hattara da ita. Ana cewa gida ya faɗa cikin kashe kuɗi mai karya tattali idan lafiya ta ci fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa, kuma a 2019 mutum kusan biliyan ɗaya ke cikin wannan hali. Amma wanda ya fi kowa talauci, wanda bai je ko'ina ba ya kwanta a ɗaki har ta Allah ta kasance, bai kashe ko kwabo ba. Ma'aunin zai nuna shi lafiya lau. Ƙasa na iya yin alfahari da ƙaramin adadi saboda kawai talakawanta sun haƙura.

Soke kuɗin ma ba a yin sa da ka. Yuganda ta soke kuɗin asibitocin gwamnati a 2001, talakawa suka yi ta zuwa, sai magani ya riƙa ƙarewa, aka koma rubuta wa mutane takarda su saya a waje. Kafin a soke, dole a lissafa abin da kuɗin ke saye, a maye gurbinsa daga baitulmali, a ƙara odar magani gwargwadon cunkoson da zai biyo baya, a kuma tabbatar albashi na zuwa kan lokaci, in ba haka ba kuɗin da aka kora ta ƙofa zai dawo ta taga da sunan ihsani. Inshorar ganin dama tana da nata ramin: marasa lafiya su shiga, masu lafiya su jira sai sun kwanta, asusu ya ƙare. Tailan ta kauce wa wannan a 2002 ta hanyar ɗaukar nauyin duk wanda ba shi da wata inshora daga haraji, bayan ta shafe shekaru tana gina asibitocin gunduma da tura sababbin likitoci karkara.

Sai batun da ba a son faɗa, wato ingancin abin da ake ba talaka idan ya iso. Wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2018 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, mutum kusan miliyan 5 ke mutuwa a shekara saboda kulawa marar inganci, miliyan 3.6 kuma saboda rashin zuwa gaba ɗaya. Waɗanda suka je suka mutu sun fi waɗanda ba su je ba. Duba na minti biyu, ba a auna komai ba, ba a yi bayani da harshen da majinyaci ke ji ba, ga tsawa. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari ba za ta dawo a ta biyu ba, kuma maƙwabtanta sun ji labari. Har na'ura ba ta tsira ba. Wani bincike a Amurka a 2020 ya gano ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini yana ɓoye ƙarancin iska ga baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda yake yi ga farare. A ƙasar kuma, mace baƙar fata ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen haihuwa kusan sau uku.

Duk da haka asibiti rabin labarin ne. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 ya bi ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan, dukkansu da albashi, dukkansu da asibiti kyauta. Mutuwa a cikin 'yan ƙaramin mataki ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, kamar tsani. Shan taba da hawan jini da makamantansu ba su bayyana ko rabin bambancin ba. Michael Marmot, wanda ya yi suna a wannan bincike, shi ya jagoranci kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fitar da rahoto a 2008, inda aka kawo unguwanni biyu a yankin birnin Gilasgo na Birtaniya, 'yan kilomitoci tsakaninsu: namiji a Calton na tsammanin rayuwar shekara 54, a Lenzie kuwa 82. Gidan da mutum ke kwana, hayaƙin da yake shaƙa, ruwan da yake sha, da yawan ikon da yake da shi a kan yininsa, duk sun gama aikinsu kafin ya ga likita.

Ga mai riƙe da cibiya ko gunduma, abin da ya fi amfani shi ne daina kallon matsakaicin adadi. A ce rigakafi ya kai kashi 70 cikin 100, wannan na iya nufin 95 a cikin gari, 30 a ƙauyukan ƙetaren kogi. Masu bincike kan kasa gidaje kashi biyar bisa abin da suka mallaka, irin rufin ɗaki da tushen ruwa da abin hawa, su kwatanta na ƙasa da na sama. Cesar Victora na Burazil ya nuna a 2000 cewa sabon abu yakan fara isa ga masu hali, tazara ta ƙara faɗi, sai sun ƙoshi talaka ke samu. Don haka sabon shiri na iya ɗaga matsakaici yana ƙara rashin daidaito a lokaci guda.

Ba sai an jira babban bincike ba. A ƙara layi ɗaya a rijista na unguwa ko ƙauyen majinyaci, bayan wata uku a duba wuraren da ba sa bayyana. A rubuta lokacin da mai naƙuda ta iso da lokacin da aka fara yi mata wani abu. Mai hawan jinin da ya daidaita a ba shi maganin wata uku maimakon ɗaya, tafiya 12 ta koma 4 a shekara. A buɗe da yamma, ko da sau ɗaya ne a mako, saboda masu aikin yini. Habasha ta fara a 2003 horar da mata na shekara guda, a ajiye biyu a kowane ƙaramin wurin lafiya mai kula da mutum kusan 5,000, su bi gida-gida, a kan albashi. Duk ranar Juma'a ko wata rana tsayayya a fitar da katunan waɗanda ranar dawowarsu ta wuce da mako ɗaya, a raba wa irin waɗannan ma'aikata, kuma a bayan kowane kati a rubuta dalilin da mutumin ya bayar da bakinsa.