Tsakanin zuwan farko da na biyu

A ƙaramin asibiti na cikin al'umma da wuya ka ji wani ya shigo ya ce ciwon damuwa ne ya kawo shi. Ciwon kai ake kawowa wanda ya ƙi jin magani, ko bugun zuciya, ko rashin barci, ko kasala. Ma'aikacin da ya tsaya a nan ya rubuta maganin ciwon jiki ya sallami mutum, to an zo asibiti amma ba a ga ciwon ba. Tambayoyi biyu nake fara yi: a makonni biyun da suka wuce, ranka na yawan ƙuntata? Abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun fita daga ranka? Sai in yi shiru. Shirun ya fi tambayar wuya, musamman idan layi ya yi tsawo a waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Likitocin fannin ba za su ishi wannan jama'a ba, shi ya sa hukumar ta fito da shirin mhGAP a 2008, domin nas da ma'aikacin lafiya na unguwa su iya gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, su fara kulawa tun daga ƙasa. A Zimbabuwe ma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma abin ya yi aiki.

Duk da haka, inda na fi ganin mutane na zubewa shi ne bayan zuwan farko. Mu ma'aikata muna son takardar turawa babban asibiti, domin da an miƙa ta sai a ji an sauke nauyi. Amma wanda tashi daga shimfiɗa ma ke gagararsa, yaya zai nemi hanya, ya bi layi, ya sake maimaita labarinsa ga baƙuwar fuska? Sau da yawa takardar a aljihu take ƙarewa. Yanzu kafin mutum ya tashi sai na kira wurin da zan tura shi, na samo masa rana da sunan wanda zai gani.

Maganin ma yana da nasa tarkon. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, alhali tashin zuciya ko bushewar baki ko yawan barci tun kwanakin farko suke bayyana. Wanda ba a faɗa wa haka ba zai ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ya ajiye, kuma kunya ta hana shi dawowa. Don haka nakan ce, "Baba, wahalar za ta riga sauƙin zuwa. In ta dame ka, ka dawo mu duba, kada ka daina kai kaɗai."

Akwai kuma batun lambar waya, wanda ake ganin ƙaramin abu ne. Dole a tambayi mai larurar wa ke ɗaga wayar, kuma me za a iya faɗa masa, domin kira ɗaya a kunnen da bai dace ba ya isa ya tona asirin mutum ya kore shi gaba ɗaya.

Tambayar da ma'aikata suka fi gudu ita ce ko mutum na tunanin kashe kansa. Yin ta ba ya cusa wa kowa tunanin. Idan amsar e ce, ba a barinsa ya tafi shi kaɗai da takarda: a nemo wanda ya amince da shi, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a haɗa shi da likita a ranar.