Zare a kafar allura

Asabar, bayan sallar isha'i

Tun hantsi ake ruwa, ga wuta babu. Da na gama aikin gida sai na kishingiɗa da waya, na kalli fim ɗin nan na Koriya ta Kudu da ƙanwata ta daɗe tana yi mini nacinsa. Sunansa Jibeuro, wato "zuwa gida". A 2002 ya fito, wata mata mai suna Lee Jeong-hyang ce ta ba da umarni.

Labarin ba shi da hayaniya. Uwa ce ta ɗauko ɗanta mai shekara 7 daga birnin Seoul, ta ajiye shi ƙauye wajen mahaifiyarta kafin ta samu aiki. Tsohuwar bebiya ce, bayanta ya ranƙwafa, sai da sanda take tafiya. Shi kuwa yaron sangartacce, har tsinken gashinta ya sace don ya sayo batirin abin wasansa. Da ya kafe sai soyayyar kaza irin ta birni, baiwar Allah ta bi ruwan sama ta samo kaza mai rai, ta dafa masa ita a ruwa. Ya ture kwanon yana kuka. Cikin dare yunwa ta tashe shi, ya lallaɓa ya cinye.

Wadda ta fito a kakar, Kim Eul-boon, ba ta taɓa yin fim ba, a ƙauye aka same ta. Kana ganin hannuwanta ka san na noma ne. A 2021 ta rasu.

Inda ya kayar da ni shi ne wajen allura. Idonta ya yi rauni, kullum sai ta miƙo masa ya zura mata zare, yana yi yana tsaki. Daren da zai koma sai ga shi shi kaɗai yana zura zare a duk alluran da take da su. Nan na kife wayar.

Haka kakata Inna take yi mini. Duk dogon hutu, tsakiyar damina, wajenta ake kai mu. Da yamma ta zauna bakin ƙofar ɗaki da tsohon zanenta a cinya, ta ce, "Kishiya, zo ki ara mini idonki." In lashi bakin zaren, in murza, in zura, hankalina yana waje inda yara ke gasa masara. Wani lokaci ma sai ta kira sau uku kafin in amsa. Ban taɓa jin ta yi faɗa ba. In na gama sai ta kwance bakin zane ta ba ni gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni dai ban taɓa tunanin in zura mata na ajiya kafin mu tafi ba.

Bayan magariba na kira Umma. Muna cikin hira na tambaye ta wa ke zura mata zare yanzu, ta yi dariya ta ce yaran maƙwabta, in sun leƙo. Na ce da an yi hutu zan kawo mata babban nawa ya yi sati uku. Ta ce, "To, ki haɗo mai gidan nawa da rigar sanyi, nan ruwa ake yi sosai."