Wasiƙa daga Ingila: yi wa zomo mara lafiya abokin zama

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, ya zafi, ya fama da hidimomi. Mu nan Leeds ruwan sama ne da sanyi kamar kullum, sai godiya.

Na san wasunku za su yi dariya in sun ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wai maganar zomo, zomon ma mara lafiya. A gida zomo na kiwo ne, a ba shi harawa da dusa ya hayayyafa a sayar ko a yanka, in ya kwanta ciwo kuwa wuƙa ce maganinsa tun kafin ya zama mushe. Toh nan ba haka ba ne, zomo ɗan gida ne kamar kyanwa, yana iya kai shekara 8 zuwa 12, har inshorar lafiya ake yanka masa. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ma ta lissafa buƙatu biyar da ke kan wuyan mai dabba, ɗaya daga ciki ita ce a bar ta da 'yan uwanta in irin mai son zaman tare ce, ko a ware ta in ba haka ba. Zomo kuwa yana cikin masu son zaman tare sosai, a daji cikin ramuka suke zama gungu-gungu, shi kaɗai kuwa sai ya takure a lungu ya rage cin abinci.

Namu namiji ne, yara suka sa masa suna Dattijo, ya haura shekara 6, kuma yana fama da wata cuta da likitocin dabbobi ke kira E. cuniculi. Wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta ce da ke fita ta fitsari, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, wani lokaci har ido. Shi ta karkatar masa da wuya ne, kansa a langaɓe gefe guda, ido ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, in ya firgita sai ya yi ta mirginawa. An ba shi maganin fenbendazole na kwana 28 kamar yadda ake yi, ya ji sauƙi, yana ci yana yawo, amma wuyan bai koma daidai ba kuma da wuya ya koma. Ana cikin haka zomanyar da suke tare ta mutu.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne ciwo bai raba shi da buƙatar ɗan uwa ba, sai dai jikinsa ne zai faɗi saurin da za a bi, ba zumuɗin yara ko tausayin mai gida ba. Kawo sabon zomo tamkar yi wa uwargida mara lafiya kishiya ne, in an dace ta zama mai jinyarta, in ba a dace ba a ƙara mata hawan jini.

Farko dai likita. Sai ya duba ya ce ciwon ya lafa, nauyinsa ba ya raguwa, yana cin ciyawarsa, sannan a fara zancen baƙo. Sai a tambaye shi ko cutar na yaɗuwa. Irin ta Dattijo tana yaɗuwa, amma wani bincike da aka yi a nan Birtaniya a 2006 ya nuna kusan rabin zomayen gida masu lafiya sun taɓa haɗuwa da ita ba tare da an ga alama ba, shi ya sa likitoci da yawa ba sa hana haɗin, sai dai su ce a ba baƙon maganin shi ma. In kuwa murar nan ce da ba ta warkewa, mai atishawa da farar majina, dole mutum ya san baƙon na iya kwasa.

Baƙon ma ba a kawo shi a jefa keji ranar da ya zo. Ana killace shi a wani ɗaki daban aƙalla mako biyu, kwanonsa daban, a wanke hannu tsakaninsu, a kuma tabbatar an yi masa allurar riga-kafi ta shekara. Wannan fa ya shafe ku masu kiwo a gida kai tsaye, don cutar zubar jini ta zomaye, wadda ke kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba tare da an ga wani dogon ciwo ba, ta ɓulla a Najeriya a 2020 ta yi wa masu kiwo ɓarna. Ka sayo zomo a kasuwa ka saka cikin naka a ranar, wallahi kasada ce babba.

Sai batun fiɗiya. Namijin da ba a fiɗiye ba hawa zai yi ta yi ba dare ba rana, mai ciwo kuwa ba zai iya ɗauka ba, ita macen kuma ana cire mata mahaifa, wanda ke kare ta daga sankarar mahaifa da ke yawan kama su in sun manyanta. Bayan aikin a jira mako 4 zuwa 6, don namiji na iya yi wa mace ciki ko bayan fiɗiyar na ɗan lokaci. In mai ciwon ba zai jure allurar barci ba sai a yi wa baƙon shi kaɗai. Mu babbar zomanya muka karɓo daga gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar, mai sanyin hali, an riga an yi mata aikin. Ni ban ga hikimar kawo ƙaramin ɗan zomo ba duk da shi yara suka nace a kai, don da ya balaga halinsa zai canza, ƙarfinsa kuma ya fi na tsoho mai jiri.

Haɗin kansa shi ne wurin haƙuri. Mun fara da ajiye su kusa da juna da raga biyu a tsakani, da ɗan rata yadda hanci ba zai kai hanci ba, don suna cizo ta ramin raga. Suna ganin juna suna jin warin juna, ana sa musu abinci a lokaci guda kusa da ragar. Daga baya aka koma banɗaki, wurin da babu wanda ya taɓa shiga cikinsu balle ya ce nasa ne, aka shimfiɗa tawul saboda santsi don ƙafar Dattijo ba ta da tabbas, aka tara ciyawa a tsakiya, ni kuma ina tsugune da kwali a hannu na raba faɗa, ba a sa hannu tsirara tsakanin zomaye biyu. 'Yan mintoci kawai ake yi a tashi. Ɗan bi da ɗan hawa da tsigar gashi kaɗan duk cikin tsarin sanin waye babba ne, amma in suka fara zagaye juna da gudu, kunne a kwance wutsiya a sama, a raba su nan take. Akwai masu cewa a sa su cikin kwali ɗaya a zaga da su a mota wai tsoro zai haɗa kansu, ko ga masu lafiya ni abin bai kwanta min ba, ga mai ciwon jiri kuwa zalunci ne.

Abin da na fi sa wa ido ba faɗan ba ne, kashin Dattijo ne. Zomo in hankalinsa ya tashi cikinsa ke tsayawa, ba ya iya amai, kuma in ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba to asibiti ne cikin gaggawa. Don haka duk bayan zama sai na duba kwandon kashinsa, in na ga ƙwayoyin sun ƙanƙance ko sun ragu sai a dakata har ya dawo daidai, ko da yaran za su yi ta mita.

Ranar da sabuwar zomanyar ta sunkuyo ta fara lasar wa Dattijo idon nan na ƙasa, wanda kullum yake hawaye muke goge masa da auduga, a nan na san abin ya kama hanya. Yanzu in zai yi barci jikinta yake jingina, mirginawar ma ta ragu. Amma kar wani ya ɗauka kullum haka ake ƙarewa, akwai waɗanda ba sa jituwa duk yadda aka yi, irin waɗannan sai a bar su maƙwabta, raga a tsakani suna kwanciya kusa da juna, hakan ma ya fi zaman kaɗaici nesa ba kusa ba.

In sun haɗu kuma ba a ƙara raba su. Ko asibiti za a kai shi tare ake ɗaukar su a akwati ɗaya, don in ya dawo da warin asibiti shi kaɗai tana iya far masa kamar baƙo. Maganinsa kuwa a baki ake ɗura masa da sirinji, ba a zubawa a abinci tunda kwano ɗaya suke ci.

A gaida mutan gida baki ɗaya, Allah ya bar zumunci.

Ɗan uwanku a Leeds