Masu dawowa filin harbin fenti

Sana'ata ita ce filin wasan harbin fenti, wanda Turawa ke kira paintball. Fili ne a gefen Abuja, an kewaye shi da raga, a ciki mun jera tsofaffin tayoyi da ganguna da buhunan yashi domin ɓuya. In mutane sun zo mu ba kowa bindigar iska da abin rufe fuska da rigar ɗorawa, mu raba su gida biyu, su yi ta harbin juna da ƙwallayen fenti. Duk wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita.

Yawancin masu zuwa 'yan rana ɗaya ne: masu murnar ranar haihuwa, ma'aikatan da oga ya kwaso daga ofis, abokan ango ana jibi ɗaurin aure. Su yi ihu, su ɗauki hoto su sa a Instagram, shi ke nan an rabu. Ban raina su ba, da kuɗinsu nake biyan haya da albashin yarana. Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da duk Asabar sai sun zo, shekara da shekaru, har wasu sun fara zuwa da 'ya'yansu. Su ne nake yawan tunani a kai, domin in lissafi za a bi, su ne mafi ƙarancin riba.

Ribar wannan sana'a a ƙwallo take. Kwali ɗaya yana ɗauke da guda 2,000, leda huɗu masu ɗari biyar biyar, kuma daga waje ake shigo da shi, da dala. Tun da aka saki naira a 2023 duk mai fili ya ji a jikinsa. Sabon shiga da ya ji bindiga a hannu sai ya danne kunama, mazubin da ke cin guda 200 ya ƙare kafin ya ga wanda yake harbi, ya dawo ya sayi wani. Tsohon hannu kuwa zai yini da leda ɗaya, wani lokaci har ya rage.

Asalin wasan ma haka yake. An fara shi ne a watan Yunin 1981 a jihar New Hampshire ta Amurka, mutum 12 a cikin daji, bayan wani musu tsakanin abokai, Charles Gaines da Hayes Noel, kan ko ɗan birni zai iya da ɗan daji in an sake su a dawa. Bindigar da suka yi amfani da ita, Nel-Spot 007, an ƙera ta ne don sa wa itatuwa da shanu alama. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma ya tattara tutocin da ake gasar tarawa a wasan ba tare da ya yi harbi ko ɗaya ba. Ina ba sababbi wannan labari, su yi dariya, su shiga su zazzage ƙwallayensu duk da haka.

Wanda ya daɗe ya gane cewa harbin shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne sanin inda abokinka yake ba tare da ka waiwaya ba, da lokacin da za ka tashi da gudu daga bayan ganga saboda ka tabbata wani ya tsare maka hanya. Akwai wasu mutum biyar da ke wasa tare a wurina, ɗaya tela ne, ɗaya ma'aikacin banki, ɗaya yana sayar da kayan gini. A waje da wuya hanya ta haɗa su. A fili kuwa telan ne ke ba da umarni, ma'aikacin bankin yana bi. Ka ji yana cewa, “Alhaji, hagu! Kwanta!” Alhaji kuma ya kwanta cikin ƙura da sauri. In ɗayansu bai zo ba, sauran sai sun buga masa waya tun kafin su sa riga. Na taɓa ganin wanda ya sayi bindiga mai tsada ya daina zuwa bayan wata biyu, amma da wuya ka ga wanda ake jira ya daina.

Abu na biyu da ke riƙe su shi ne amana. Alƙalin wasa ba zai ga komai ba. In ƙwallo ya fashe a gwiwarka kana bayan taya, kai kaɗai ka sani, kuma ƙa'ida ita ce ka ɗaga hannu ka fita. Wasu sukan goge fentin a ƙasa su ci gaba. Filin da aka bar wannan hali ya yi yawa, mutanen kirki ba sa yin faɗa, zuwa kawai suke dainawa. Shi ya sa a wurina mai gogewa gargaɗi ɗaya yake samu, na biyu ya miƙa kaya, ko da shi ya fi kowa sayen ƙwallo.

Sauran kuma aikina ne, wanda ɗan wasa ba ya gani sai ranar da ya lalace. Kowace bindiga sai an auna ƙarfinta da na'ura, kada gudun ƙwallon ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, kusan mita 90 ke nan. Ya wuce haka, zafin ya zama mugunta. Bindigar haya ƙirar Tippmann 98 nake ajiyewa, domin tana jure faɗuwa da ƙura kamar tsohuwar Fijo a hanyar ƙauye. Ƙwallon kuwa shagwaɓaɓɓe ne. Ɓawonsa na jelatin ne, irin na ƙwanson magani, cikinsa ruwa mai kauri da launin abinci wanda wanki ke fitarwa. Da damina yana shan danshi ya kumbura, ya bugi mutum ya ƙi fashewa, ga zafi ga gardama. Da sanyin hunturu ya yi gautsi ya fashe a cikin bututun bindiga. A bazara kuwa in an bar kwali a but ɗin mota, sai ka tarar sun yi laushi sun manne. Ɗakin ajiyar ƙwallo ya fi ofishina sanyi.

Abin rufe fuska shi ne wanda ba na wasa da shi. Ƙwallo a hannu shati ne na 'yan kwanaki, a ido kuwa makanta ce. Mai arha yana yin hazo da zarar mutum ya yi gumi, in kuma bai gani sai ya ɗaga don ya share, to a nan ake samun matsala. Mai gilashi biyu, wanda ba ya saurin yin hazo, ya fi tsada, shi nake saya. Rigunanmu kuma farare da baƙaƙe ne da shuɗi, babu mai zanen kakin soja, domin doka ta hana farar hula sa shi, kuma a halin da ƙasa ke ciki ba na son wani ya hango yarana daga titi ya yi wani zato. Bindiga ba ta fita daga raga sai an rufe bakinta.

Inda aka fi asarar mutane shi ne ranar farko. Ka saki yaron da bai taɓa riƙe bindiga ba a gaban ƙwararru, cikin minti ɗaya sun yi masa ruwan fenti, ya tafi gida da ciwo da kunya, ba zai sake waiwayo ka ba. Don haka na yi yarjejeniya da 'yan Asabar: suna zuwa da safe kafin rana ta yi zafi, ina rage musu kuɗin shiga, su kuma duk baƙon da ya zo shi kaɗai sai su sa shi a cikinsu, su ba shi taya mai kyau a baya, su bar shi ya fitar da mutum ɗaya ko biyu. Telan nan ne ya fi iya wannan aiki, kuma kafin baƙon ya cire riga ya riga ya karɓi lambarsa.