Biro da fensir

Ranar da na gaya wa Mma cewa a kan dodon koɗi nake aikin karatuna, sai ta ajiye ludayin koko ta dube ni. "Irin wanda ake sayarwa a kasuwar Makola? Shi ne kake barin Nima tun asuba kana bin trotro?" Na ce a'a, nawa bai kai ƙwayar gero ba, kuma daga tsaunukan ƙarƙashin teku aka ɗebo shi. Tsayin irin waɗannan tsaunuka yakan haura mita 1,000 daga gindi, amma ba sa leƙo saman ruwa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da muryar wadda ba ta yarda ba.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka zuba yashi a faranti, ka kafa ido a maikiroskof, ka riƙa tsinto 'yan katantanwa da siririn burushi har wuyanka ya ƙage. Wanda ka tsinto ka jefa a kwalbar itanol, ruwan sinadarin da ke hana shi ruɓewa, tare da 'yar takarda mai ɗauke da wurin da aka samo shi, da zurfin ruwan, da kwanan wata.

A mako na uku na rubuta takardun da biro. Ranar Juma'a ce, ina sauri kada in rasa jam'i. Da na dawo Litinin, ruwan kwalba tara ya koma shuɗi-shuɗi, takardun kuwa fari fat. Itanol ya shanye tawadar. Malam, mai kula da aikina, ya ɗaga guda ya duba ta wajen taga, bai yi faɗa ba, ya ce, "Ɗana, waɗannan yanzu tsakuwa ne." Ya miƙo mini fensir.

Da farko na ga kamar ya tsananta, tunda dabbobin suna nan lafiyarsu ƙalau. Sai daga baya na gane. Kafin a ce nau'i sabo ne, sai an ware guda ɗaya a matsayin abin misali an adana a gidan tarihi, an faɗi inda aka kamo shi, an gwada shi da danginsa ta fuskar ƙirar kwanso da haƙoran harshe da ƙwayoyin gado. Wanda ba a san inda ya fito ba, da me za a kafa hujja? Dubi Chrysomallon squamiferum, wani dodon koɗi mai sulken ƙarfe a ƙafa, na maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan Tekun Indiya. An gano shi a 2001, bai sami cikakken suna ba sai 2015. A 2019 kuma ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda shirin haƙar ma'adinai a wuraren da yake zaune. Ni da nake zaton ranar da ka ga abu ranar ake raɗa masa suna, kamar jariri a bakwai.

Kwalaben tara suna nan a kan kanta, Malam ya hana a zubar. Duk sabon ɗalibi da ya zo, su ake fara nuna masa.