Asabar, ranar da na canza wuyan keke

Yau tun bayan sallar asuba hankalina na kan wuyan keken nan, wato guntun ƙarfen da yake riƙe sitiyari ya haɗa shi da fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Keken ɗan gwanjo ne na hawan duwatsu, kuma wuyan da ya zo da shi dogo ne sosai, na sa tef na auna daga tsakiyar fok zuwa tsakiyar sitiyari, milimita 110. Shi ya sa duk ranar da na bi ta Lamingo zuwa wajen duwatsun Shere sai in dawo da ciwon kafaɗa da wuyan hannu, a gangara kuma in ji kamar keken zai kifar da ni ta gaba don duk nauyina ya tattaru a kan tayar gaba. Wata biyu ina zargin sirdi, ashe ba ruwansa.

Wajen ƙarfe tara na kai shi wurin Baba mai gyara, har lokacin sanyin Jos bai sake mu ba. Ya jawo wani tsohon bokitin fenti ya zazzage min wuyan kekuna kala kala a kan buhu. Nan take idona ya faɗa kan wani gajere baƙi mai tsawon milimita 40, irin wanda nake gani wajen masu gangaro duwatsu a YouTube, wallahi raina ya biya. Baba ya karɓa ya goge shi da tsumma ya nuna min lambar jikinsa ya ce "ɗana, wannan bakinsa milimita 35 ne, kaurin sitiyarinka kuma 31.8, ko ka kwana kana ɗaurewa ba zai kama ba." Na ce Baba in aka ɗan cusa gwangwani fa? Ya ce shi dai ba da hannunsa ba, mutumin da zai gangaro dutse ba a yi masa wannan aikin. Akwai wasu masu 25.4 na tsofaffin kekuna, su ma muka ture gefe. Ta wajen fok babu matsala, duk 28.6 ne.

Sai maganar tsawo, nan muka daɗe. Kekunan yanzu firam ɗinsu dogo ne shi ya sa 40 ko 50 yake musu daidai, nawa kuwa tsohon yayi ne firam ɗin gajere, in na sa 40 gwiwata za ta riƙa neman sitiyari kuma a hawa tayar gaba ta dinga ɗagawa. Muka tsaya a kan 60 mai ɗan tashi digiri 6, muka juya shi yana kallon sama.

Yadda ya ɗaura ya burge ni. Ya fara da notin murfin da ke saman fok, yana matsewa kaɗan kaɗan da alanki yana riƙe birkin gaba yana jijjiga keken har girgizar ta ɗauke, sannan ya daidaita wuyan da taya ya ɗaure notinan gefe. Notina huɗun gaba masu kama sitiyari kuma bai bi su a jere ba, na sama hagu sai na ƙasa dama, haka ya yi ta zagayawa. An rubuta 5Nm a jiki, wato ma'aunin ƙarfin da za a ɗaure notinan da shi, ba shi da sifanar da ke auna wannan, da hannu ya yi a hankali.

Bayan la'asar na fita gwaji. Kwanar farko keken ya juya da sauri fiye da yadda na saba har sai da na taka ƙasa, amma da na kai gangarar nan mai tsakuwa na ja jikina baya sai na ji ni nake riƙe da keken, hannuna bai yi tsami ba. A hawa tayar gaba ta ɗan yi sauƙi, dole in sunkuya in matso bakin sirdi.

Saura sitiyari, nawa faɗinsa milimita 680 ne kuma gajeren wuya ya fi tafiya da mai faɗi, zan nemi 740 in albashi ya shigo. Gobe in Allah ya kai mu zan sake duba notinan kafin in fita.